Akuya Ya Hau Ni: Wunin Kaka da Jika a Tafkin Bosomtwe

Tun da aka idar da sallar asuba tsohon ya kafa kujerarsa a ƙofar gida a Aboabo, yana jiran jikarsa ta kintsa. Kwana goma ke nan da saukarta Kumasi daga unguwar Bronx ta birnin New York, inda aka haife ta, amma zancensu bai taɓa wuce gaisuwa ba. Shi Hausa yake ji da harshen Asantawa, waɗanda tsofaffin fatake ke kira Tonawa. Ita kuwa Turanci ne a bakinta, sai 'yan tsintattun kalmomi. Jibi za ta koma, ga shi ya haura tamanin, bai kuwa yaudari kansa da zancen wata ziyarar ba. Don haka ya yanke shawarar su wuni a Tafkin Bosomtwe, tare da wani jikansa da zai yi tafinta, bisa sharaɗin kada ya tsoma baki sai tura ta kai bango.

Kafin su hau mota suka tsaya wurin mai koko. Yarinyar ta nuna tukunya ta ce "koko", ta nuna faranti ta ce "koose". Tsohon ya zuba mata ido. Ashe Hausar da ta rasa a zance tana nan a sunayen abinci, ita a zatonta sunayen Ghana ne kawai. Ba ta yi kuskure ba, domin duk ƙasar haka ake kiransu. Waakye wake ne, daga shinkafa da wake da ake rinawa da karan dafi. Tuo zaafi tuwo ne mai zafi, fula fura ce, sobolo kuwa ko kunne ya ji kusancinsa da soɓorodo. Fatauci ne ya shigo da su. Kakan tsohon yana cikin masu safarar goro da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, suka gangaro kudu, zangon Kumasi kuma ya bunƙasa bayan Turawan Ingila sun kama garin a 1896. Baƙin da aka ware wa gefen gari, su ne suka raɗa wa karin kumallon ƙasar suna.

A cikin mota, kan hanyar Kuntanase, ta miƙa masa waya. Ya ga Turawa sun durƙusa bisa tabarmi, 'yan awaki na tsalle a gadon bayansu. Dole tafinta ya yi aiki: yoga motsa jiki ne da ya samo asali daga Indiya, a 2016 kuma wata mata mai suna Lainey Morse ta fara haɗa shi da awaki a gonarta a jihar Oregon, abin ya bazu a Amurka. Jikar ta taɓa zuwa irin wannan gona, ta biya kuɗi, da aka tashi aka ba su ruwan tufa.

"Mai bugarwa?" in ji tsohon.

Aka ce akwai mai bugarwa, akwai wanda ba ya yi, ita na biyun ta sha. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Amarya, wato abin da na shekara sittin ina korar awaki a kansa, shi kuke biya a yi muku?" Aka fassara mata har da "amarya", da wasan da ke tsakanin kaka da jika. Dariyarta ta farko ke nan a gabansa.

Tafkin yana kimanin kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi, cikin wani ƙaton kwari da dutse daga sararin samaniya ya haƙa shekaru kusan miliyan ɗaya da suka shige. Daga kan tudu hanya ke gangarawa zuwa ƙauyen Abono. Asantawa na girmama ruwan, masunta kuma bisa katako suke zama suna tuƙi da hannu. Aka kawo soyayyen karfasa da yaji. Wani ya yi musu tayin bammi, tsohon ya yi godiya cikin harshen mai tayin, ya zaro gorar lamurjen da aka haɗo a gida, mai citta da kanumfari da tsamiya. Ta kurɓa, ta yi tari, ta sake kurɓa.

Bayan azahar ta shimfiɗa mayafinta a inuwa domin ta nuna masa yadda ake yi. Ta dafa ƙasa, ta miƙe baya. Ɗabi'ar ɗan akuya ce hawa duk abin da ya ɗara ƙasa tudu, ko turmi ko kifaffen kwano. Ɗaya daga cikin na ƙauyen ya yi sufa, sai ga shi a bayanta. Ta ƙwala ihu:

"Kaka, akuya ya hau ni!"

Jimla ce cikakkiya, ba a kuwa san inda ta ajiye ta ba, wataƙila daga bakin mahaifiyarta. Ɗalibin nahawu zai ce akuya tamilo ce, "ta hau" ya kamata. Amma Hausar zangunan Ghana ta daɗe da sassauta wannan bambanci, mace da namiji duk "ya zo" ne, kamar yadda ƙ ta koma k har ƙosai ya zama koose. Yarinyar ba Hausar Kano ta ɓata ba, ta gidansu ta faɗa daidai. Tsohon bai gyara mata ba. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Ya hau, amarya, ya hau. Wannan kyauta ne, ba a biya."

A hanyar dawowa tafinta ya yi barcinsa. Ita tana nuna abu, kakan yana faɗin sunansa, tana rubutawa a waya: tafki, kifi, tudu, rana. Da suka shigo Aboabo ana kiran magariba, ta nuna awakinsa da ke tururuwa a bakin garke. Bai faɗi sunan ba, ya jira. Ta ce, "Akuya." Ya ɗaga yatsu biyar, ya ce, "Awaki." Ta rubuta.