Daɓen Katako a Ɗakin Zango

 Mu 'yan ajin ƙarshe muna so mu rubuta wa iyayenmu da 'yan'uwanmu ɗalibai abin da muka koya game da shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki. Yawancin ɗakunanmu a Nima da Maamobi daɓen siminti ne, wasu kuma tayil. Duk biyun suna da sanyi, kuma tsofaffinmu masu ciwon gwiwa su suka fi sanin haka, musamman lokacin sallar asuba a watan Yuni. Katako ba ya ɗaukan sanyi haka. Amma yana cin kuɗi, kuma a garinmu na Ankara yana da babban maƙiyi guda ɗaya, wato ruwa.

A hutun da ya wuce tsofaffin ɗalibai suka haɗa kuɗi don a gyara wa wani dattijon malaminmu ɗakin karatunsa da ke saman bene a gidansa. Kafintan da aka ba aikin kawun ɗaya daga cikinmu ne, mu kuma muka zama yaran aikinsa.

Katakon da ake wannan aiki da shi kafintoci na kiransa T&G. Kowa ya san shi a silin, amma na ƙasa ya fi kauri. Gefe ɗaya na kowane falle yana da harshe, ɗaya gefen kuma yana da kwarmi. Harshen wannan ya shiga kwarmin na kusa da shi, sai su riƙe juna kamar sahun salla, babu mai ɗagowa ya bar ɗan'uwansa.

Mun sayo shi a Timber Market da ke kusa da Agbogbloshie. A nan muka gane cewa icce suna ya tara. Wawa yana da araha kuma ba shi da nauyi, amma yana da laushi, ƙafar kujera ma tana lotsa shi, ƙwari kuma suna son sa. Odum yana da ƙarfi, gara ba ta cika damun sa ba, sai dai tsada. Akwai tik wanda ake shukawa a gandu, shi ma yana jure danshi. Kawu ya zaɓi odum, ya ce mana: "Yara, araha ba ta ado. Wawa na sama ne, a silin, inda ba mai taka shi." Ya kuma ƙi katakon da aka yanka da injin hannu a daji. Tun 1998 dokar Gana ta hana yanka katakon sayarwa da irin wannan inji, kuma sau da yawa ɗanye yake zuwa kasuwa.

Lissafin da muke gudu a aji ya yi mana rana a wurin. Ɗakin ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi. Fuskar kowane falle inci 4 ce, ba a ƙirga harshen. Ke nan layi 3 a kowace ƙafa, layi 36 a ɗakin gaba ɗaya, wato tsawon ƙafa 432 na katako. Sai a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da wanda ya karkace, ya kama kusan ƙafa 475.

Da aboboyaa ta sauke kayan, mun ɗauka gobe za a fara buga ƙusa. Ina! Kawu ya sa muka jera fallayen cikin ɗakin, muna sa siraran sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, ya ce sai bayan sati biyu. Dalili kuwa shi ne katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Da damina yakan kumbura, da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan tsuke. Kuma ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan ba ya canzawa. In aka buga shi ɗanye, hunturu na zuwa zai buɗe baki tsakanin layi da layi. In kuma ya bushe ƙwarai aka matse shi, damina za ta sa ya yi tozo a tsakiyar ɗaki.

Shi ma simintin sai an gwada shi. Hanyar mai sauƙi ce: a shimfiɗa 'yar leda a ƙasa, a liƙe gefunanta da tef, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. In aka ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashi, ko wurin ya yi duhu, to daɓen yana fitar da danshi, bai dace da katako ba.

Hanya uku ce ake bi. Ta farko a liƙa katakon da gam kai tsaye a kan siminti, wannan kuwa sai daɓen ya bushe sarai kuma ba shi da tudu da kwari. Ta biyu a shimfiɗa wani siririn soso, a haɗa fallayen da junansu da gam a cikin kwarmi, ba tare da an kama su da ƙasa ba. Ta uku a kafa sanduna a ƙasa a buga katakon a kansu da ƙusa. Ita muka bi, don daɓen Malam ba daidai yake ba.

Da farko muka rufe ƙasan duka da leda mai kauri. Sannan aka jera tubaitu guda 10 da aka shafa wa maganin gara, inci 16 tsakanin kowane biyu, aka daidaita su da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki, inda ya yi ƙasa a cusa guntun katako, kana aka kafe su a siminti. Fallayen suna gicciye sandunan ne. Falle na farko kwarminsa na kallon bango, kuma ana barin rabin inci tsakaninsa da bangon, haka a duk kusurwa huɗu. Ɗayanmu ya tambaya: "Kawu, wannan ramin fa, ba ɓata aiki ba ne?" Ya ce: "Ɗana, kai ma in ka ƙoshi ai kana sassauta wando. Nan ne katako zai numfasa." Daga baya katakon gindin bango yakan rufe wurin.

Layin farko kaɗai ake buga wa ƙusa ta sama, sai kuma na ƙarshe. Sauran duka ta gindin harshe ake sa ƙusa a karkace, falle na gaba ya zo ya rufe ta. Odum yana da tauri, don haka ana fara huda shi kafin a buga, in ba haka ba harshen zai tsage. Ba a dukan falle da hama kai tsaye. Guntun katako mai kwarmi ake ɗorawa a daka. Mahaɗar kawunan kuma dole ta faɗa kan sanda, kuma kada ta layi biyu maƙwabta ta zo wuri ɗaya, kamar dai yadda magini ke jera bulo. A ƙarshe aka goge da samfefa, aka shafa banish sau uku. Ƙasan ya ƙara tsayi da kusan inci 3, sai da aka rage gindin ƙofa.

Yanzu ga maganar da ta sa muka yi wannan rubutu. Tun da mutane suka ga ɗakin Malam, wasu iyayenmu na cewa su ma za su yi. Muna roƙon su, cikin ladabi, su fara duba inda ɗakinsu yake. Muna ƙanana lokacin ambaliyar 3 ga Yuni 2015, da Odaw ta cika ta tumbatsa, ruwa da gobarar Circle suka ci rayuka sama da 150, Allah Ya jiƙan musulmin da suka rasu. Har yau duk damina gidajen da ke bakin babbar gwata ta Nima da Maamobi suna cikin fargaba. In ruwa ya taɓa shiga ɗakinka ko sau ɗaya, kada ka sa katako, domin ruwan zai kwanta a ƙarƙashi inda tsintsiya ba ta kaiwa, ya ruɓar da kuɗin da aka tara shekara da shekaru. Irin wannan ɗaki tayil ya dace da shi, sai a yi wa tsoho ɗan dandamalin katako na salla wanda za a iya ɗagawa. Wanda kuma ya sa, buta da alwala su tsaya a waje, kurfoti ma haka. In yaro ya yi fitsari a wanke wurin a tsarkake shi, amma a tsane ruwan nan take.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuma, kada mu raina hama da zarto. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sassaƙa ce sana'arsa. Timber Market na nan kusa da mu, kuma kafintoci na neman yara masu amana da suka iya lissafi. Wanda ya sauke Alƙur'ani kuma ya iya sana'a ba zai tsaya jiran hannun kowa ba.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya tsare Zangonmu daga ambaliya da gobara, amin.