Kwale-kwalena da Kogin Mada

Jama'a, shekara 9 na yi a Ingila, kusan duk Asabar ina tuƙa ɗan kwale-kwalen roba a ruwa mai ƙarfi, don nishaɗi kawai. Da na dawo Lafiya na ce zan gwada Kogin Mada da damina, sai Kawu ya ce, "Kai yaro, iya ruwa fid da kai."

Ban ga laifinsa ba. A nan su da fito ke kai mutum kogi. Amma muna da gwanaye. Ko a bikin Argungu ana tseren kwale-kwale.

Abin da ya dame ni shi ne mata da yara da ake fitarwa ranar kasuwa ba rigar ruwa. Na roƙi wani sarkin ruwa mu shirya tseren samari a dam ɗin Doma, kowa da rigarsa. Ya ce sai bayan girbi.