Lokacin da Siyasa Take Sallama Kafin Ta Shigo

A garuruwan ƙasar Kornaka, Ɗan Gulbi da maƙwabtanta irin su Ajekoriya da Sabon Mashi, a da magana mai nauyi ba ta faɗo wa mutum kwatsam. Idan saƙo ya fito daga wurin sarki ko mai gari, sai mai shela ya zaga, ya nemi jama'a su saurara, ya isar da gaisuwar wanda ya aiko shi, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kafin ya kai ga gundarin zancen kowa ya riga ya shirya kunnensa. Haka mai kawo labarin rasuwa: sai ya zauna, an gaisa, ya yi salati, kana ya ambaci suna.

Siyasa ma da wannan tarbiyya ta shigo, ko da yake akwai shekarun da ba ladabi ne ya rufe bakin mutane ba, tsoro ne. Tun da aka haramta Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, jam'iyyar RDA ce kaɗai ke da baki. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974, sai aikin gayya da wasannin Samariya suka cike filin gari, zancen gwamnati kuwa sai a zaure, murya ƙasa-ƙasa, bayan an duba wanda ke kusa. Wannan shirun ba abin kewa ba ne, kuma ba shi nake yabo ba.

Abin da nake yabo ya bayyana ne bayan babban taron ƙasa na 1991 a Yamai, lokacin da bakuna suka buɗe. Jam'iyyun Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lafiya, kowace ta samu mutanenta a karkara. Gida ɗaya sai ka tarar wa yana nan, ƙane yana can. An yi zafi, musamman a zaɓen 1993 da ya kai Mahamane Ousmane kan mulki, amma duk da haka siyasa tana da wurinta da lokacinta. Ranar taron jam'iyya an san da ita tun da wuri, ga kalangu, ga tuta, ga mota mai lasifika. Wanda ba ya so ya kama hanyar gonarsa. A fadar samari, inda ake dafa shayi har dare, idan gardama ta taso kana iya ɗaukar takalmanka ka koma wata fadar. A rediyo mai gabatarwa kan faɗi sunan shiri da baƙonsa, mai akwati ya zaɓa ko ya saurara ko ya murɗa. A wurin zaman makoki ko ɗaurin aure kuwa, da wani ya fara, dattijo zai ce masa, "Malam, ba nan ba." Shi ke nan, an wuce wurin.

Yau wayar salula ta rushe waɗannan iyakoki. Zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan gari ya haɗa tsoho da jikansa, suruki da surukinsa, na gida da ɗan ci-rani a Agadas, Kano ko Libiya. Da yake da yawa ba su karatun boko, saƙon murya ne ke yawo, shi kuwa ba ya nuna abin da ya ƙunsa sai an taɓa shi. Uwa ta buɗe tana zaton ɗanta ne ke gaishe ta, sai ta ji wani da ba ta sani ba yana zagin shugaban da mijinta ke so, ga yara a gefe suna ji. An ga irin wannan bayan zagaye na biyu na zaɓen 2021, lokacin da har aka katse intanet na waya na kwanaki, an kuma sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka mayar wa hukuncin ɗauri a 2024: tura abin da ba ka tantance ba yana iya jawo maka abin da ya fi ɓacin ran dangi.

Masu kula da zaure da yawa sun zaɓi gajeriyar hanya, sun kafa doka: ban da siyasa. Na fahimci dalilinsu, amma ban bi su ba. Tsadar taki, rikicin manomi da makiyayi, malamin da babu a lakwal, duk siyasa ce, kuma talaka na da haƙƙin tattauna su. Abin da ya ɓace shi ne sanarwar nan ta farko. Mai tura saƙo ya fara da cewa, "Jama'a, wannan na siyasa ne, daga wurin wane ya fito, akwai zafi a ciki." Idan hoto ne na gawa ko na tashin hankali, ya faɗa tukuna. Bai rage komai daga ra'ayinsa ba, ya dai bar wa ɗan'uwansa zaɓin da kakanninmu suka bar wa juna: ya ji yanzu, ya ji an jima, ko ya bar shi. Zumuncin da aka daɗe ana ginawa ya cancanci wannan 'yar jimla guda.