"Peso" Da "Nauyi"

'Yan'uwana ɗalibai, kalmar da nake so mu duba ba ta Hausa ba ce, ta Sifaniyanci ce, watau "peso". Son ƙwallon Sifen da ya kama mu a gidajen kallo na Ƙaura Namoda shi ya sa na fara tsintar harshen, kuma a nan na ci karo da ita.

Ma'anarta ta fari ita ce nauyi, irin wanda sikeli ke nunawa. Namiji ce a nahawunsu, ana cewa "el peso". Daga nan sai ta yi rassa. Mutumin da ake jin maganarsa a gari "persona de peso" ne, hujja mai ƙarfi kuma "razón de peso". In mutum ya rabu da abin da ya dame shi, sai su ce "quitarse un peso de encima", daidai da namu na sauke nauyi. Wannan duka Bahaushe ba zai sha wuyarsa ba.

Inda mai koyo ke tuntuɓe shi ne "peso" sunan kuɗi ne kuma, a Meziko da Ajantina da Kolombiya da Filifin da wasunsu, amma ban da Sifen ɗin kanta. Ita "peseta" ta kashe har 2002, sa'ad da Yuro ya maye gurbinta. Asalin abin kuwa, tsabar azurfa ce mai ƙayyadadden nauyi, wadda ta yi daidai da "real" 8. Bayan an gano azurfar Potosi a 1545 tsabar nan ta game duniya, har ma riyal ɗin da alhazanmu ke kashewa a Makka daga "real" ya samo suna.

To, me ya hana "nauyi" zama sunan kuɗi a wurinmu? A ganina, kasuwa ce. Kuɗinmu na dā wuri ne, ƙirga shi ake yi, ba a awonsa, kuma ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Hatsi ma, je ka kasuwar Shinkafi ran Alhamis, da tiya za a auna maka. Sikeli bai zama abin da manomi ke tsayawa gabansa da fargaba ba sai da cinikin gyaɗa da auduga ya kankama, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929.

Saboda haka tamu kalmar sai ta nufi jikin mutum da zamansa da jama'a. Muna da nauyin baki, da nauyin kunne, da nauyin jiki, da nauyin barci. Mace in haihuwa ta matso a ce ta yi nauyi. Magidanci yana ɗauke da nauyin iyali. Sai kuma babbarsu, jin nauyi. Nan fa "peso" ta tsaya. Suna da "respeto", watau girmamawa, suna da "vergüenza", watau kunya, amma kowace ɓangare ɗaya ta kama. Da za a ce in fassara wa mutumin Sifen "tana jin nauyinsa", sai dai in shimfiɗa masa tabarma in ba shi labarin kakata ta Zurmi, wadda har Allah ya karɓi abinsa ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba.