Zanzibar: Daɗin Yana Cikin Lungu

Yau hirar tamu ta tsibirin Zanzibar ce, can ƙasar Tanzaniya, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ruwa daga Darussalam. Mafi yawan mutanensa Musulmi ne, kuma tun zamanin sarakunan Oman yankin ya yi suna wajen noman kanumfari.

Baƙi na tururuwa can, amma abin takaici, da yawa daga filin jirgi sai babban otal, can za su ci, can za su kwana, su koma gida. Ita kuwa baiwar Allah mai tuya a lungu sai dai ta ga wucewar motarsu.

To 'yar uwa, in Allah Ya kai ki, ko da amarci ne ya kai ku, ki ja hannun angon ku shiga tsohon gari, wato Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ku fara da kasuwar Darajani, tun 1904 take ci. Nan za ki sayi kanumfari da kirfa da masoro a hannun masu su. Ki ƙara da zanen kanga, bibbiyu ake sayar da shi, kowanne da karin maganar Suwahili a bakinsa, wani ma habaici ne zalla. Ki sa a fassara miki kafin ki ɗaura!

Da magariba kuwa sai Forodhani a bakin teku. Ki nemi urojo, wani romo ne mai ɗan tsami da ake zuba wa dankali da wani abu kamar ƙosai da tsire. Ki kora da ruwan rake mai citta da lemun tsami. Wallahi sai kin nemi ƙari.

Sannan kar ki manta da matan Paje da Jambiyani. Tun wajen 1989 suke noman ciyawar teku, suna duƙe cikin ruwan gishiri in teku ta janye. Yanzu ɗumamar ruwa na kashe musu shuka, shi ya sa wasu suka koma yin sabulu da ita. Allah sarki, sabulu ɗaya da za ki saya, cefanen wani gida ne.

Ki yi ciniki, amma ban da ƙwara. In kin ga dattijuwa ki ce "shikamoo", za ta amsa da "marahaba". Allah Ya kai mu da alheri, amin.