Waɗanda Suka Tsaya a Bakin Ƙofa

Muna yara a Jimeta, a ƙarshen zamanin jihar Gongola kafin a raba ta a 1991, kallon ƙwallo harkar maza ce, mazan ma masu ƙafafu. Ranar wasa wani dattijo yakan zauna bakin ƙofar filin da gwangwanin madara yana karɓar kuɗin shiga. Daga gefensa mata ne jere da farantan dafaffiyar gyaɗa da kunun zaƙi. In ihu ya tashi a ciki sai su tare mu yara: "Kai ɗan nan, su wa suka ci?" Sun san sunayen 'yan wasa sarai, amma ban taɓa ganin ɗayarsu ta wuce gwangwanin nan ba, kuma ba wanda ya ce ta shigo.

Akwai wani maƙwabcinmu gurgu mai gyaran rediyo, wanda ba a kai shi sanin ƙwallo a layinmu. Kuɗinsa na aljihu, amma kafin ya ga fili sai samari biyu sun ciccibe shi sun tsallakar da shi kwata, wani ya biyo da kekensa. Rannan ya ce: "Ni ba buhun masara ba ne." Daga ranar ya koma sauraron wasa a shagonsa.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne dalilin da ya sa rashin waɗannan mutane bai dami kowa ba. Manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatin jiha ne. Albashi da kuɗin mota da na masauki daga baitulmali suke fitowa, don haka kuɗin ƙofa na shan ruwa ne kawai. Wanda bai dogara da mai sayen tikiti ba, me zai sa ya ƙirga waɗanda suka rage a waje? Shi ya sa aka ɗauki wasan mata da na masu buƙata ta musamman tamkar sadaka: in da rara a ba su, in aljihu ya bushe su ne farkon yankewa.

Mun ga inda wannan dogaro yake kaiwa. Da Adamawa United ta hau babbar gasar Najeriya a 2019, wasanninta na gida a filin Pantami na Gombe ta riƙa yin su. Ƙungiyar Yola ke nan, masoyanta sai sun yi tafiyar sa'o'i kafin su gan ta! A 2021 ta faɗo. A wannan 2019 ɗin kuwa Adamawa Queens ta shiga sahun ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a gasar mata ta ƙasa, 'yan matan da da yawa cikinmu ba mu taɓa zuwa kallonsu ba. Wannan yana ci mini rai har yau.

A matakin ƙasa ma haka lissafin yake. A Landan a 2012 'yan wasanmu na Olamfik sun dawo hannu rabbana, masu buƙata ta musamman suka kawo lambobi 13. A Riyo a 2016 waɗancan tagulla ɗaya suka samo, waɗannan zinariya 8. Ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988 tana tara jama'a duk inda aka buga ta, jama'ar da kowane ɗan kasuwa zai so ya kafa allon tallarsa a gabansu.

A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Maƙwabcin namu bai ga wannan rana ba. Shagonsa yanzu gidan kallon ƙwallo ne, ƙofarsa daidai da ƙasa, kuma ranar da Arsenal ke wasa nakan ga kekunan guragu biyu ko uku a layin gaba, kowa ya biya kuɗinsa.