Asabar ɗin da muka kai auduga Funtuwa

Ina ɗan shekara goma sha biyu, hunturu ya kankama, azumi kuma ya shiga goman ƙarshe. Ranar Asabar, 15 ga Janairu 1966, muna gama sahur Baba ya ɗora wa jakunanmu uku auduga, muka kama hanyar Funtuwa. Ni abin da ke raina shaddar sallah ce, wadda aka ce sai an sayar da kaɗa za a yanko.

Muna layin sikeli, malamin awo na cusa hannu cikin buhu yana neman ƙazanta don ya hana mu lamba ɗaya, sai wani direban babbar mota da ya taso daga Zariya ya sauko, ko gaisuwa babu, ya ce soja sun kashe Sardauna a Kaduna. Wani dattijo ya daka masa tsawa, wai ya ji tsoron Allah da bakin azumi. Kafin la'asar rediyon wani mai kanti ta raba gardama. Daga baya sunaye suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya: Birgediya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, sai Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi kwanaki ana cewa ba a san inda yake ba.

Gidanmu dama a rabe yake. Baba ɗan NPC ne, mai alamar fartanya, ba don ya san manufarta ba, sai don dagaci can yake, shi kuwa bai ga dalilin yin faɗa da mai karɓar haraji ba. Ƙanensa, Baffa, tela ne kuma ɗan NEPU na gani kashe ni. Ya taɓa shan wata uku a gidan yari saboda taron da aka yi ba izini, kuma har ya mutu yana nuna mana tabon bulalar 'yan doka a gadon bayansa. Na ɗauka ranar zai yi murna. Da muka koma gida muka tarar da shi a zaure, ga kunun buɗa-baki ya huce a gabansa.

Baba ya ce, "To, ga shi an raba ku da shi."

Baffa ya ce, "Yaya, mu da ƙuri'a muka so mu kayar da shi, yana raye yana gani. Wanda ya zo da bindiga, wa zai kai shi ƙara?"

Ban fahimci maganar ba sai da na yi gemu. Ba wai mulkin farar hular nan na adalci ne zalla ba. An daki talaka, an ɗaure 'yan adawa, mata a Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Amma akwai wanda za ka zaga a bakin kasuwa, akwai ranar da za ka jira. A mulkin Janar Ironsi aka rufe jam'iyyu, na fartanya da na tauraro duka. Naɗa Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, gwamnan Arewa ya ɗan kwantar da hankalin mutanenmu, amma bai kai zuci ba.

Abin da ba mu cika son tunawa ba shi ne watan Mayu. Ranar 24 ga wata aka yi Doka ta 34, aka soke jihohi, aka ce ƙasa ta zama dunƙulalliya. Kwanaki kaɗan aka fara ihun "Araba", kuma Funtuwa na cikin garuruwan da abin ya yi muni. Layin dogo da injin gurzar auduga sun tara Ibo da yawa a garin: teloli, makanikai, masu kanti, ma'aikatan reluwe. Mutumin da ya koya wa Baffa yankan riga 'yar shara da almakashi ɗaya daga cikinsu ne. Baffa ya je nemansa, ya tarar da shagon ba ƙofa, ƙyallaye warwatse a kwata. Na ga wani sa'ana yana yawo da agogon bango a ka yana dariya. Waɗanda aka kashe ba su san Manjo Nzeogwu, jagoran sojan da suka kashe Sardauna, ba, kamar yadda mu ma ba mu san shi ba.

Daga nan abu ya zama kamar sauyin damina. A Yuli aka kashe Ironsi, Gowon ya hau. A 1967 muka wayi gari a Jihar Arewa ta Tsakiya, yaƙi ya ɓarke, samarin ƙauyenmu suka shiga soja, wasu ba su dawo ba. A 1975, shekarar da aikin gona na Bankin Duniya ya kawo mana taki da hanyoyin karkara daga Funtuwa har Malumfashi, Murtala ya hau. Wata shida da 'yan kwanaki aka harbe shi. Kowane karo kiɗan soja a rediyo ne sanarwarmu, sai Baba ya ce a rage murya, ya ɗauki fartanyarsa.

Baffa ya rasu a 1978, saura shekara guda a dawo da zaɓe. Da aka buɗe akwatinsa aka sami bajensa mai tauraro naɗe cikin ƙyallen shadda.